Abin da Na Danna a Rugar Arɗo Manu

Ina riƙe da bututu na huɗu a famfon bayan masallacin Tudun Kaya lokacin da Tanko, direban kamfaninmu, ya tsayar da babur a gindin darbejiya. Ya yi sallama, ya tsaya yana kallon hannuna. Ya san ba a yi wa mai riƙe da bututu magana mai nauyi, don idan ya saki, sauran bututun da silinda duk sun tafi ƙasa, rijiya ta mutu ke nan. Sai da na ɗaure shi a bais, ƙarfen da ke damƙe bututu, na taka da ƙafa na ji ya kama, sannan ya ce, "Sabi'u, sai haƙuri. Malam Inuwa ya cika da hantsi. Bayan azahar za a kai shi."

Na yi salati. Na rufe bakin rijiyar da buhu, na ɗora dutse, na ce wa masu jiran ruwa su yi haƙuri sai gobe. Wata tsohuwa ta sauke tulunta ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Shi ya kafa mana wannan da hannunsa."

Makon jiya aka yi sadakar arba'in. Washegari na shiga sitonmu na Karaye, na tarar da ku, ku da aka ɗauka aiki bana, kowa da kwamfutar hannunsa a rataye a wuya. Na ji ɗayanku yana cewa aikin nan ai danne-danne ne, ka danna lamba ta gaya maka ciwon famfo, ka danna ta kira kayan gyara. Ban tanka ba, don ni ba gwanin magana ba ne a cikin taro. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ku karanta idan kun sami sarari.

Na fara bin Malam Inuwa a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da ake ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka ana ɗora musu famfon tuƙa-tuƙa. Firamare kawai na yi, sai noma. Kawuna ne ya kai ni wurinsa. Shekarar farko ban kwance ko noti ɗaya ba. Aikina ɗaukar akwati: manyan sifanu biyu na kama bututu, bais, guduma, gwangwanin giris, igiya, da ƙarfen nan mai ƙafa uku da muke rataya sarƙa a kai. Idan mun isa gari ba ma nufar famfo. Sai mun je zauren mai unguwa, an gaisa, an tambayi gajiya da iyali da ruwan bana, an kawo ruwa mun sha. Malam yakan ce a ruwan da aka ba ka a zaure za ka fara sanin ciwon famfo. Idan ruwan rijiyar gargajiya ne, famfon ya daɗe da mutuwa. Idan yana ɗanɗanon tsatsa, bututu ya huje.

Daga nan sai ya kama hannun famfon ya tuƙa a hankali, kansa a sunkuye kamar mai sauraron karatu. Idan hannun ya yi sakayau, sandar ƙarfen da ke ciki ta tsinke. Idan ya yi nauyi yana gurnani, yashi ya shiga silinda. Idan sai an tuƙa sau talatin da safe kafin ruwa ya zo, bawul ɗin ƙasa, mai hana ruwa komawa rijiya, shi ke zubarwa cikin dare. Ba ya faɗa mini amsa. Sai ya matsa gefe ya ce, "To, likita, me ke damun mara lafiya?" Idan na kuskure, sai ya ce, "Allah ya kiyaye mu da asibitinka."

Akwai wani aiki a wani ƙauye bayan Rogo da ba na mantawa. Wasu samari sun ga muna yi, suka ce su ma za su iya, suka kwance famfon garinsu da sifanar gyaran keke. Bututu shida suka sulale musu zuwa ƙasa. Kwana uku muka yi a garin. Malam ya je maƙera ya zana wa maƙeri wata ƙugiya a ƙasa da yatsa, aka ƙera, muka ɗaura ta a sanduna muka zura. Ba ka ganin komai a ramin nan, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Da yatsunsa yake jin abin da ke faruwa gaba goma sha biyar a ƙarƙashinsa. Ranar ta uku da la'asar ya ce mini, "Kar ka yi numfashi." Muka ja, bakin bututun ya leƙo. Mai garin ya so ya tara samarin a yi musu faɗa, Malam ya hana. Ya kira su ya nuna musu yadda ake ɗaure bais, ya ce gara su iya da su sake gwadawa a ɓoye.

A wancan zamanin da takarda muke aiki. Kowane famfo sai an cika masa fom, a rubuta ciwonsa da abin da yake bukata, a tara, a ba motar haya ta kai ofis a Kano. Takardar kan jiƙe da ruwan sama, ko giris ya ɓata ta, ko ta kwana wata guda a aljihun kwandasta. Sau da yawa mota ta zo daga Kano da silinda alhali sarƙa muka nema. Gari kan yi wata biyu yana jiran abin da bai fi girman yatsa ba. Zurfin kowace rijiya da yawan bututunta kuwa, a kan Malam kaɗai suke.

Bayan an wuce tsakiyar shekarun casa'in kamfani ya kawo kwamfutar hannu. Kun san ta: ba ta kai bulon sabulu biyu ba, gilashinta layi huɗu, madannanta ƙanana, tana cikin jakar fata. An kira mu Kano aka koya mana kwana biyar. Malam ya juya ta a hannunsa, ya miƙo mini, ya ce idonsa ba ya ganin rubutun tururuwa. Tun daga ranar yake kiranta "allon Sabi'u".

Ba zan rage mata komai ba, ta yi aiki. Kowane famfo aka buga masa lamba a jiki. Ka danna lambar, sai ta nuna maka zurfinsa, bututu nawa ne a ciki, yaushe aka canza masa roba. Ka shigar da abin da ya lalace, ƙarshen mako Tanko ya kai ta Kano a jona ta da babbar kwamfuta, mako mai zuwa kayan sun iso sito, kowane da lambar famfonsa a ɗaure. Tana jera mana garuruwa yadda za mu bi hanya ɗaya ba tare da komawa baya ba. Wata rana a Kurugu mun je da robar silinda tun kafin famfon ya tsaya, don ta nuna cewa ta ciki ta kusa cika shekara biyu. Muka ciro ta, ta yi siriri kamar ganyen albasa. Malam ya daɗe yana dubanta, ya ce, "Allon nan naka ya yi karatu."

Bayan wata uku aka ƙara mata wasu tambayoyi. Kamfani yana son sanin gida nawa ne da dabbobi nawa ke shan ruwan kowane famfo. Injiniyan da ke kula da mu ya ja mana kunne. Ya ce mu rubuta abin da mutanen gari suka faɗa, ba abin da muke zato ba, don an gaji da lambobin da ma'aikata ke ƙirƙirowa a gindin bishiya.

Famfo mai lamba arba'in da ɗaya yana gaba da Kurugu, a wata ruga da ake kira da sunan shugabanta, Arɗo Manu. Fulani ne da suka zauna, suna noma dawa da masara, shanunsu ba sa nisa. Sun fi shekara goma a wurin, kuma famfon ne ya zaunar da su. Malam ya saba da Arɗo tun ranar da aka haƙa rijiyar. Idan mun je sai an dama fura, su biyu su yi ta tsokanar juna, Arɗo yana ce masa "Kaɗo mai cin ƙarfe".

Ranar da abin ya faru sarƙa muka je canzawa. Malam yana can kan famfo, ni kuma na zauna kan tabarma kusa da Arɗo, na buɗe jaka na fito da na'urar.

Na ce, "Arɗo, gida nawa ne ke shan ruwan nan?"

Ya dubi na'urar, bai dube ni ba. Ya ce, "Wa ke tambaya, kai ko ita?"

"Kamfani ne, Arɗo."

"To, gaya wa kamfani mu 'yan kaɗan ne, alhamdu lillahi."

"Ba ta karɓar kaɗan, ranka ya daɗe. Sai lamba."

Ya ɗan yi wasa da sandarsa. Can ya ce, "Sa huɗu."

"Shanu fa?"

"Shanu na mutane ne, kiwo aka ba mu. Namu ba su wuce goma ba."

Daga inda nake zaune ina hango bukkoki sun fi ashirin. Ga dangwali nan a miƙe a gabana, igiyar da ake ɗaure maruƙa da ita, kowane maraƙi da madaukinsa, kuma madaukan sun wuce hamsin. Na gan su. Amma an ce mu rubuta abin da aka faɗa. Na danna huɗu, na danna goma, na danna madannin ajiyewa.

A hanyar komawa, ina bayan babur, Malam ya ce, "Na ga kana yi wa Arɗo karatun allo. Me ta tambaya?" Na gaya masa. Ya tsayar da babur a tsakiyar burtali, ya sauke ƙafa.

"Me ka rubuta?"

"Abin da ya faɗa, Malam."

"Sabi'u, ku nawa ne a gidanku?"

"Mu goma sha ɗaya."

"Ka taɓa jin ubanka ya ƙirga ku a gaban baƙo?"

Na ce a'a.

"To, shi da yake Kaɗo ke nan. Ina ga Bafulatanin da ya ga jangali da idonsa, ga kuma tsoron baki? Ba a tambayarsa. Kana gaisawa kana ƙirga bukka da wutsiyar ido. Ka dubi dangwali, ka dubi ƙoren nonon da aka shanya. Shekara nawa kana bina? Goge."

Na ce idan an ajiye ba ta goguwa, sai a ofis.

Ya ce, "Allon da ba a wankewa." Ya girgiza kai ya tada babur. Da muka isa Karaye ya ce lallai in aika wa Injiniya da takarda tare da na'urar.

Ban aika ba. A lokacin ni kaɗai aka yarda da ni da na'ura a shiyyar Karaye da Rogo, ban so a ce na yi kuskure. Na ce a raina lamba ce kawai, ba ta hana ruwa fitowa. Da Malam ya tambaye ni, na ce masa zan yi. Bai sake tambaya ba, don bai saba tambayata abu sau biyu ba.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekararmu. Ruwan sama ya ɗauke da wuri, rijiyoyin gargajiya suka ƙafe tun kafin tsakiyar rani, tafkuna suka zama taɓo. Kowa ya dawo kan famfo. Daga asuba har magariba hannun famfo ba ya hutawa, abin da ke yin shekara biyu sai ya ci a wata huɗu. Kayan gyara kuma daga waje ake kawo su, suka yi wuya. Muna fita tun da sassafe, mu taɓa gari uku, mu dawo mu tarar da mutanen gari biyar a zaune a ƙofar sito. Hannun Malam ya tsage har ba ya iya riƙe cokali.

Da kaya suka kasa, ofis ya yi abin da ya ga shi ne adalci. Aka sa babbar kwamfuta ta jera famfuna bisa yawan masu shan ruwansu, mafi yawa a sama. Aka ja layi. Na sama da layi za a ba su kaya, na ƙasa su jira.

A cikin wannan hali famfon rugar ya tsaya. Muka je muka ciro bututun, guda tara ne, tsatsa ta cinye su, wasu har kana zura yatsa. Babu dabarar da za ta yi, sai sababbi. Na danna lambar arba'in da ɗaya na nemi bututu tara. Mako ya zagayo, Tanko ya kawo takardar jeri. Malam ya ce in karanta masa. Arba'in da ɗaya shi ne na biyun ƙarshe: gida huɗu, shanu goma.

Malam ya miƙe. Ya ce in shirya, gobe za mu Kano.

Injiniya ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo wa Malam kujera. Na faɗi abin da na yi tun daga farko, har da takardar da ban aika ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Baba, na yarda da ku. Amma jiya mutum uku suka zo nan, kowa ya ce garinsa ya fi abin da aka rubuta. Idan na canza naku da baki, da me zan hana su?"

Malam ya ce, "Injiniya, taho mu je ka ƙirga da idonka. Ni zan goya ka."

"Ko na je, bututun da ke ƙasa an riga an raba su. In cire wa wa? Ka zaɓa mini garin."

Malam ya dubi takardar. Duk garuruwan da ke sama da layi ya san su, ya sha ruwa a zaurensu. Bai zaɓa ba. Injiniya ya ce bayan damina za a sake zagayen ƙirga, a lokacin sai a gyara.

Mutanen rugar ba su iya jira har bayan damina ba. Matansu suna tafiyar fiye da awa guda zuwa Kurugu, su tarar da layi, su dawo da tulu ɗaya. Shanu kuma dole aka riƙa kora su rafi, hanyar rafin kuwa ta ratsa lambunan masu noman rani. Aka yi ɓarna sau ɗaya aka sasanta, aka yi ta biyu aka je gaban dagaci. A ta uku aka fasa wa wani ɗan Arɗo kai, shi ma ya ji wa wani rauni. Mutanen da suka shekara goma suna cin kasuwa ɗaya, suna zuwa sunan juna, suka daina gaisawa.

Ranar da za su tashi Arɗo ya aiko, muka je. An riga an kwance bukkoki, an ɗora kaya a kan bijimai. Ya ba Malam hannu suka daɗe ba su saki ba. Sannan ya juyo wurina. Na'urar tana rataye a wuyana.

Ya ce, "An ce ita ce ta ce mu kaɗan ne."

Na ce, "Ni na rubuta, Arɗo."

"Ni na faɗa." Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Amma da ka ƙirga da idonka, ɗana, da ban hana ka ba. Bakina ne ba zai iya ba."

Ya ce za su yi kudu, wajen 'yan'uwansu. Ya faɗa wa Malam sunan wani mai sayar da gishirin shanu a kasuwar Rogo wanda zai san inda suke. Ya ce, "Kaɗo, kaburburan iyayenmu mata suna nan. Ran da ruwa ya dawo, ka aiko."

Malam ya ce, "In Allah ya yarda."

Bayan damina aka sake zagayen ƙirga kamar yadda Injiniya ya yi alkawari. Na je rugar ni kaɗai. Ciyawa ta rufe inda bukkoki suke. Na'ura ta tambaye ni gida nawa, dabbobi nawa. Na tsaya na duba ko'ina da idona, kamar yadda aka koya mini, babu kowa. Na danna abin da na gani. Famfon da ba shi da mai sha kuwa ba a aika masa kaya, sai aka cire arba'in da ɗaya daga jeri. Ba za a kai bututu ba sai mutane sun dawo, mutane kuma ba za su dawo ba sai an kai bututu.

Daga nan Malam ya ɗauki wata hanya. Duk inda muka canza bututu, tsofaffin da za a zubar sai ya nemi izini ya kwaso su. Ya bi su da guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, inda ƙarfe ke da rai ya yanke, ya sake fitar masa da haƙoran murɗawa, ya haɗa guntu da guntu. A cikin tsofaffi biyar da ƙyar ake samun tsawon bututu ɗaya mai kyau. A zauren gidansa yake yi, ranar Juma'a bayan an sauko, ni ina riƙe masa. Ko sau ɗaya bai tuna mini da abin da na danna ba. Abin da kawai yake cewa shi ne, "Riƙe da kyau, likita."

Ku da kuka zo yanzu, ban ce ku yar da na'ura ba. Ni ma da ita nake fita kullum, kuma ta hutar da garuruwa da yawa daga jira. Amma duk abin da kuka ba ta, shi za ta riƙe, ta kai shi Kano, wanda bai taɓa ganin garin ba ya yanke hukunci a kai. Kafin ku buɗe jaka ku zauna a gaisa. Ku sha ruwan da aka kawo. Ku san wanda ake tambaya da wanda ba a tambaya. Idan kuma kun danna kuskure, ku faɗa a ranar, tun yana lamba.

Bayan sadakar arba'in iyalinsa suka kira ni, suka ce in kwashe ƙarafan da ke zaure. Na ɗauko su na kawo gidana. Bututu shida ne ya gama, na bakwai yana da haƙora a baki ɗaya. Rijiyar rugar kuwa bututu tara take ci. Ban je wurin mai gishirin ba tukuna, don haka Arɗo bai san Malam ya rasu ba.